Mu Yi Kama da Wanda Muke Bi

Shugaban taro, Baba Rabaran, dattawanmu, iyayenmu na Zumuntar Mata, matasa da yaran da ke can baya, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da hanya, ku da kuka taso daga Landan da asuba, da ku da kuka sauka daga aikin dare kuka wuto nan Manchesta ko runtsawa ba ku yi ba. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan almajiranci. A Luka 6:40 Yesu ya ce almajiri ba ya fin malaminsa, amma duk wanda ya horu sosai zai zama kamar malaminsa. Ke nan ƙarshen karatun shi ne kamanni. A cikin wannan ɗaki akwai ɗarikun ikilisiya daban-daban, akwai 'yan ECWA, akwai COCIN, EYN, HEKAN, Anglika, Katolika da Baptis, kowa da katinsa na baftisma a cikin akwati. Madalla da haka. Amma Baturen da kike aiki da shi bai san ECWA ba, bai taɓa jin HEKAN ba. Abin da ya sani shi ne yadda kika amsa masa ranar da ya ɓata miki rai.

Mu tuna yadda bishara ta shiga gidajenmu. A 1893 samari uku 'yan mishan suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasarmu: Rowland Bingham, Walter Gowans da Thomas Kent. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, kuma ko a lokacin mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke iya karanta shi? Kakanninmu da yawa da ido suka fara ganin bishara kafin su ji ta da kunne. A Garkida, a Molai kusa da Maiduguri, a Yadakunya ta Kano, a Babbar Ruga ta Katsina, a Amanawa ta Sakkwato, sun ga mutum ya durƙusa yana wanke gyambon kuturun da danginsa suka ware masa ƙwarya. Suka tambaya, me ya kai shi? Aka ce musu Malaminsa ne ya fara miƙa hannu ya taɓa kuturu.

To, 'yan'uwa, irin wannan aiki ne Allah ya sa a hannun da yawa daga cikinmu a ƙasar nan. Tun da aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi a 2022, mun cika gidajen tsofaffi na Ingila. A cikinmu akwai wanda ya bar kujerar shugaban makaranta, akwai wadda ta bar banki. Yau ƙarfe uku na dare ƙararrawa ta kaɗa, ka shiga ɗaki ka tarar da dattijo ya ɓata shimfiɗarsa, yana rawar sanyi, ya manta sunan 'yarsa balle naka. Kana cire masa riga yana zaginka, wani lokacin har da launin fatarka. Babu manaja, babu mai kallo. Kana iya goge shi sama-sama ka ja ƙofa. Kana kuma iya taɓa ruwan ka tabbatar da ɗuminsa, ka rufe masa jiki da tawul don kada ya ji kunya, ka kira shi da sunansa a hankali har ka gama. Na san wasunmu idan an kira daga gida an tambayi aikin da suke yi, sai su kauce. Don Allah mu daina jin kunyarsa. A Yahaya sura 13, daren da za a bashe shi, Ubangiji ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya bi ƙafafun mutum goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya. Yahuza da zai bashe shi na cikinsu, kuma Yesu ya san abin da ya ƙulla. 'Yan'uwanmu na EYN har gobe suna wanke wa juna ƙafa a lokacin jibin ƙauna. Ku kuwa kowane dare kuke yi, ga mutanen da ba za su tuna su ce an gode ba.

Yanzu zan taɓo inda ke ciwo, Baba ku gafarce ni. Duk mun san cinikin da aka yi da takardar ɗaukar nauyin aiki, wadda mai ba da aiki a nan ke bayarwa kafin mutum ya sami biza. Mutum ya sayar da gonar gado a Kafanchan ko fili a Gombe, ya haɗa fam dubbai ya ba wanda ya ce masa "ɗan'uwa cikin Ubangiji", ya iso filin jirgi ya tarar babu aiki, babu ɗaki, waya kuma ba a ɗauka. Dokar ƙasar nan ba ta yarda da wannan ciniki ba, amma ba tsoron doka nake so ya motsa mu ba. Wasu daga cikin waɗanda suka karɓi irin wannan kuɗi suna zuwa sujada, suna ba da baiko mai kauri, ana yi musu tafi. Zakka mai karɓar haraji da Yesu ya shiga gidansa a Yariko bai tsaya a kan hawaye ba. Cewa ya yi duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu, sannan Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Idan akwai kuɗin wani a hannunka, ka nemi lambarsa a daren yau. Ko kaɗan-kaɗan ne ka fara biya.

Sai maganar wayoyinmu. Duk lokacin da aka kai hari a gida, a Bokkos ne ko a Kudancin Kaduna, zaurenmu na WhatsApp yakan cika da hotunan da ido ba ya iya kallo. Ba na raina wannan baƙin ciki, kusan kowane gida a nan ya binne wani. Mu yi kuka, mu nemi adalci, mu rubuta wa hukuma. Amma sai ka ga dattijon ikilisiya yana la'antar ƙabila guda, yana zagin addini guda, jarirai da tsofaffi duka, ya rufe da "cikin sunan Yesu". Wane Yesu? Wanda ya ce a kan gicciye, ya Uba ka gafarta musu? Ku tuna Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda Boko Haram suka kama suka kashe a Janairun 2020. A bidiyon da suka ɗauke shi yana hannunsu, bai zagi kowa ba. Ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya sami kansa yana hannun Allah. Ku tuna kuma a Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ne ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Duk wanda ya yi wa Musulmi kuɗin goro, ya haɗa har da wannan dattijo.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne, haka aka haife ni da zafin zuciya. Almajiran Yesu, Yahaya da ɗan'uwansa Yakubu, sun nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye wani ƙauyen Samariyawa don an ƙi karɓarsu, Yesu ya tsawata musu. Bayan 'yan shekaru, a Ayyukan Manzanni sura 8, wannan Yahayan ne aka aika Samariya, ya ɗora musu hannu ya yi musu addu'a. Bitrus da ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, daren da aka kama Yesu, shi ne daga baya ya rubuta cewa da aka zagi Almasihu bai rama ba. Zama da Malamin ne ya sāke su, shekara uku suna cin abinci tare da shi, suna ganin yadda yake amsa wa mutane. Mu ma ba za mu sami kamanninsa daga gajerun bidiyon wa'azi a Facebook ba. Sai mun zauna da Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, muna karantawa sannu a hankali, muna lura da wanda ya tsaya dominsa a hanya da wanda ya tsawata wa.

Iyaye, 'ya'yanmu da ke tasowa a nan ba su da kunyar tambaya irin tamu. Suna ganin Baba a kan bagade ranar Lahadi, suna kuma jin muryarsa a kan Mama ranar Litinin. Idan biyun ba su yi daidai ba, ranar da suka tafi jami'a ba za su nemi majami'a ba.

Shugaba, ina da roƙo biyu ga kwamiti. Na farko, a zaɓi dattawa maza da mata masu riƙon asiri, waɗanda wanda aka cuta a kan takardar aiki zai iya zuwa wurinsu, wanda ya ci kuɗin ma ya iya zuwa ba tare da an tona shi a bainar jama'a ba, a zauna a tsara yadda za a biya. Na biyu, a raba mu gida-gida bisa unguwanni, mu fara karanta bisharar Markus tare daga wata mai zuwa, sura ɗaya kowane mako, a sa lokacin da masu aikin dare za su samu. Sura 16 ce, cikin wata huɗu mun gama. Wanda ke son a fara a gidansa ya ba magatakarda sunansa kafin a raba abinci.

Na gode, Ubangiji ya albarkace ku.