Shirin ko-ta-kwana a wajen sojan sama: laccar da wani tsohon samanja ya yi wa matasa a Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, sai ku ƙannena da 'ya'yana masu sha'awar kaki, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yawancinku in an ce sojan sama abin da ke zo maku a rai shi ne matuƙi, ya sa hular nan ya shige jirgi ya yi sama. To bari in gaya maku, kafin jirgin nan ya ɗaga akwai makaniki da ya kwana a kansa, akwai mai ɗora makami, mai zuba mai, mai duba yanayi, ga 'yan kwana-kwana sun tada mota suna jira a gefen titin jirgi, kuma in ɗaya daga cikinsu ya yi sakaci shi kenan aikin sauran ya tashi a banza. Tun 1964 da aka kafa rundunar nan, lokacin Jamusawa ne suka fara horar da mutanenmu, tsarin ke nan har yau.

Akwai wani aiki da kurata suka tsana. Da sassafe a jera ku sahu ɗaya ku bi filin da jirage ke tsayawa kuna tsintar tsakuwa da ƙusa da guntun waya. Yaro zai ce wai shara aka ɗauke ni in yi? Yaro, injin jirgin yaƙin nan Alpha Jet zuƙar iska yake da ƙarfin tsiya, noti ɗaya in ya shige ciki ya isa ya farfasa fukafukan injin. Shi ya sa makaniki ke ƙirga sifanoninsa kafin aiki da bayan aiki, in ɗaya ya ɓace jirgin ba zai tashi ba sai an gan shi, ko da kwamanda na tsaye yana huci.

Sai yanayin garinmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu kun san yadda hazo ke rufe Katsina, wata rana ko hasumiyar Gobarau ba ka hangowa daga nesa, to matuƙi ma haka titin sauka ke ɓace masa, dole ya dogara da na'ura, kuma dole tun kafin ya tashi ya san wane fili zai karkata in nan ya ƙi, Kano ko Kaduna, da man da zai kai shi. In Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40 iska ta yi shara-shara, jirgi na buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga, kayan da zai ɗauka ma sai an rage. Wannan lissafi a ƙasa ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku tuna abin da ya faru ranar 18 ga Yulin 2021. 'Yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, matuƙin, Abayomi Dairo, ya ja kujera ta cilla shi waje ya sauka da laima, mutanen nan suka bi sawunsa, ya yi ta laɓewa har dare ya rufa, ya riƙa duba hanya da wayarsa har ya kai wajen sojojin ƙasa. Mutane suka yi ta cewa sa'a ce. Eh, Allah ne ya kare shi, babu ja. Amma sanin lokacin da za ka bar jirgi, da sanin cewa da rana ɓuya ake da dare ake tafiya, wallahi atisaye ne da aka maimaita har ya gundure shi. Ni a ganina duk atisayen da bai kai ga gundura ba to bai shiga jiki ba tukuna, domin ranar da abu ya ɓaci ƙwaƙwalwa tsayawa take cak, hannu ne kawai ke tuna abin da ya saba.

Gobara kuwa ƙa'idar filayen jirgi ta duniya ita ce motar kwana-kwana ta isa wurin cikin minti 3. Kuma man jirgi ba a kashe shi da zallan ruwa, yawo zai yi a saman ruwan yana ci, kumfa ake fesa masa.

Yanzu ga wanda ya shafi kowa a ɗakin nan, ko ka sa kaki ko ba ka sa ba. Jini. In babbar jijiya ta tsinke a cinya ko a hannu, mintoci kaɗan mutum zai tafi, ba zai jira ka kai shi asibitin sojan sama na Daura ba balle Kano. Shi ya sa ake koya wa soja ya fara da tsayar da jini, sannan ya duba maƙogwaro a buɗe yake, sannan numfashi, daga baya a rufe shi kar sanyi ya kama shi, i, ko a zafin nan namu wanda ya zubar da jini sanyi na kama shi. Ɗaurin tsayar da jini ana yin sa ne sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya ko yana ihu, ka rubuta lokacin da ka ɗaura, kar kuma ka kwance don tausayi, likita ne zai kwance. Don Allah a daina zuba ƙasa ko toka a ciwo. Ambaliyar Jibiya ta 2018 cikin dare ta zo, maƙwabta ne suka fara ceto kafin wata hukuma ta iso, a haɗarin mota ma haka ne.

To surutu ya isa haka. Kai mai jar hula, da kai na kusa da shi, ku taso nan gaba. Wani ya ara mana rawani da guntun sanda, kai kwanta, kai kuma ɗaura masa a cinya ina duba agogo.