Korona da Juna Biyu: Ta Ina Haɗarin Yake Isa Ga Ɗan Tayi?

Tambayar da masu juna biyu suka fi yi ita ce: idan korona ta kama ni, za ta kama abin da ke cikina? Da wuya ƙwayar cutar ta ratsa ta shiga jikinsa, kuma ba a ga tana jawo nakasa irin ta cutar Zika da sauro ke yaɗawa ba. Haɗarin ta jikin uwa yake biyowa.

Ɗan tayi ba ya numfashi da kansa. Iskar oksijin da abincinsa daga jinin uwa suke zuwa, ta mabiyiya da igiyar cibiya. To a watannin ƙarshe mahaifa ta riga ta tokare ƙirji, ga buƙatar oksijin ta ƙaru. Idan korona ta sauka a huhu, iskar da ke isa gare shi sai ta ragu. Wani lokaci kuma mabiyiyar ce take kumbura, jini ya daskare a ƙananan jijiyoyinta, har ta kasa aikinta. Wannan ne ya fi tayar da hankali, domin yana iya faruwa ko da ciwon bai kwantar da uwar ba. Lokacin da nau'in korona mai suna Delta ya bazu a 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ga ƙaruwar haihuwar jarirai babu rai a cikin matan da suka kamu.

Abin da aka fi gani dai shi ne haihuwar bakwaini, wato kafin sati 37, sau da yawa saboda dole likita ya ciro jaririn don ceton uwar. Haɗarin hawan jinin masu ciki, mai kai wa ga jijjiga, shi ma yana ƙaruwa.

Sai zazzaɓi. Zafin jiki da ya kai digiri 38 a makonnin farko yana iya taɓa ginin ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ki sha farasitamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa shida, kada ki wuce takwas a rana. Ki guji ibuprofen. Kuma kada a tsaya a kemis ana cewa maleriya ce ko mura. A je a gwada, don alamominsu suna kama da juna.

'Yar'uwa, idan numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji na ciwo, ko kika ga jini ko ruwa, ko kai ya sara ido na ganin dishi-dishi, ki tafi asibiti a take. Haka in motsin yaron ya ragu ko ya sauya daga yadda kika saba. Kada ki jira gari ya waye, kada ki jira ranar awo.

Ana yin rigakafin korona da juna biyu, kuma garkuwar da jikinki ya haɗa tana ratsa mabiyiya ta kare jaririn a watanninsa na farko, tunda ba a yi wa ɗan ƙasa da wata shida wannan allurar. In kuma kin haihu kina da cutar, ki wanke hannu da sabulu, ki sa takunkumi, ki ba shi nono.