Amsoshin Tambayoyinku: Majalisar Birtaniya da Makomar Hong Kong

Jama'a barkanmu da war haka. Lokaci ya matse mu yau, sai mu faɗa kai tsaye.

Wani ɗalibi daga Damagaram yana tambaya, yaushe Birtaniya ta miƙa wa China Hong Kong? Ranar 1 ga Yulin 1997 ne, ƙanena. Wannan kam da ka buɗe littafinka da ka hutar da mu!

Sai wadda ta zo daga Kano, Kumasi da Garwa, kusan baki ɗaya: shin majalisar dokokin Birtaniya ta bi kadin mutanen Hong Kong kafin a miƙa su? Malam, bismilla.

"To, sai an koma baya. Tsibirin kansa tun 1842 yake hannun Turawa. A 1898 kuma suka karɓi hayar ƙasar da ke maƙwabtaka da shi ta shekara 99. Ita haya kuwa, komai daren daɗewa…"

Allah gafarta Malam, majalisar ake tambaya.

"Ina zuwa. A Disambar 1984 Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher da takwaranta na China Zhao Ziyang suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa Hong Kong. 'Yan majalisa sun tafka muhawara kafin nan, amma an riga an gama rubutu, ba su da ikon taɓa ko harafi. A 1985 suka yi dokar miƙa mulki. Hankali bai tashi sosai ba sai bayan kashe-kashen masu zanga-zangar dandalin Tiananmen na birnin Beijing a 1989. Kwamitin harkokin waje na majalisar ya fitar da rahotonsa, a 1990 kuma aka yi dokar bai wa magidantan Hong Kong 50,000 da iyalansu takardar zama 'yan Birtaniya."

Bari in maimaita, don masu tambayar suna da yawa. Majalisa ta yi muhawara, ta yi bincike, ta yi doka, amma bayan an gama ciniki. Ba a yi wa mutanen Hong Kong ƙuri'ar raba gardama ba, su sama da miliyan 5, ra'ayoyi kawai aka tattara. Ni dai abin yana ci mini rai. An yi musu aski ne ba sa nan, aka ce su yi haƙuri da alkawarin shekara 50 na ƙasa ɗaya, tsari biyu, wato Hong Kong ta koma ƙarƙashin China amma ta ci gaba da nata tsarin.

Hajiya daga Yamai, ke ma kin tambaya ko Najeriya ta bi ta wannan majalisa. Ta bi, can aka zartar da dokar 'yancinta a 1960. Sauran bayanin sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.