Dutse mai kusurwa 12: ina digiri 720 suka shige?

Wannan dutsen da kuke gani yana jikin wata katanga a titin Hatun Rumiyok, cikin birnin Kusko na ƙasar Peru. Maginan daular Inka ne suka sassaƙa shi. Ba su san baƙin ƙarfe ba, da dutse suka riƙa dandaƙar dutse, suka zaunar da shi ba siminti ba laka. Girgizar ƙasar 1650 ta zo ta wuce, ta 1950 ma haka, yana nan daram.

Ku ƙirga kusurwoyinsa. Goma sha biyu cif.

To, matsalar ita ce, an ce jimlar kusurwoyin digiri 1800 ne, amma wanda ya ɗora ma'auni a kan hoton dutsen zai iya ganin lissafi bai kai ba. Har mutum ya zaci Inka sun ƙaryata Yuklid, masanin lissafin nan na zamanin da. A'a, ku yi wa dattijon adalci. Shi yana Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, su kuwa ko sunansa ba su taɓa ji ba.

Abin da Yuklid ya tabbatar mana shi ne, kusurwoyin alwatika uku idan aka haɗa su, 180 ne. Ku ga yadda muke yanka fuskar dutsen. Alwatika ɗaya, biyu, uku… goma. Goma sau 180, 1800. Nan ba gardama.

Yanzu ku natsu, don a nan ake zamewa. Bari mu sauƙaƙa da alamar tarawa (+), ita ma kusurwa 12 gare ta. Takwas sun turo kai waje. Huɗu kuwa sun lotsa ciki, sun yi lungu. Mai sauri sai ya zura ma'auni cikin lungun, ya ga 90, ya rubuta 90. Goma sha biyu sau 90, 1080. Ina sauran?

Ku dubi inda ya auna. Ai wannan ba jikin alamar ba ne, fili ne. A katangar Kusko kuma, wurin nan kan dutsen maƙwabci ne ya cusa a ciki. Kusurwar maƙwabci kenan ya auna! Tamu tana ta baya. Ku bi jan layin nan, ya tashi daga wannan gefen, ya zagaya ta cikin jikin dutsen, ya wuce 180 bai tsaya ba, sai 270.

Ni ma da na fara gani sai da na yi tsaki, wai kusurwa ta fi miƙaƙƙen layi faɗi.

A sake lissafi. Takwas sau 90, 720. Huɗu sau 270, 1080. A haɗa, 1800. Kowane lungu ya ɓoye mana 180, sau huɗu, ga 720 ɗin da muke cigiya.

Kusurwoyin ainihin dutsen ba 90 ba ne cif-cif, wata ta ɗara, wata ta gaza. Ku tsayar da bidiyon a kan hoton nan, ku fara yi wa lungunan alama, sannan ku ɗauko ma'auni.