Darasin Yau: Gyara Wa Ƙungiyar Matan Ƙauyenku Littafin Kuɗi

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna tare da Hajiya, akanta ce da ta yi ritaya, tana zagaya ƙauyukan Ringim da Taura tana taimaka wa ƙungiyoyin mata ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Hajiya, bismillah.

Hajiya: Na gode, 'yata. Maganata da ke ce, ma'aikaciya, wadda duk Juma'a kike zuwa gida ganin su Inna. In ƙungiyar matan garinku ta zo neman taimako, kada ki tsaya a kan dubu biyar ɗin da za ki miƙa. Abin da kika iya a ofis ya fi musu amfani. FOMWAN ma, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a Minna a 1985, mata masu ilimi ne suka ba da lokacinsu har ta kai inda ta kai.

To, ki fara da gaishe da mai unguwa da shugabar ƙungiya. Kada ki shiga da jakar kwamfuta kamar mai binciken kuɗi, za su ɗauka sata kike nema, ma'aji ta ɓoye miki komai. Zama na farko saurare kawai.

Zama na biyu ki zo da littafi mai bango mai kauri, ki ja gida biyar a kowane shafi: kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, sai saura. A ce masu matsar man gyada ne, mata ashirin, kowace na zuba naira 500 a mako. An tara 10,000, a rubuta a gidan shiga. An sayo gyada ta 7,000 a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, an biya kuɗin mota 500, kowanne da layinsa. Saura 2,500. A ƙirga kuɗin a gaban kowa, a ga ya yi daidai da littafi kafin a tashi. Kuɗin motar nan, wallahi, shi ne ke raba ƙungiya. Ƙanana ne, ba a rubutawa, sai ranar rabon riba a fara kallon-kallo.

Mai gabatarwa: Hajiya, in ba wadda ta yi boko a cikinsu fa?

Hajiya: Akwai wadda ta yi allo ko Islamiyya ai. Ta rubuta da ajami, lissafi bai damu da irin baƙi ba. Kuma alƙalamin nan a hannunta zai zauna, ke kina gefe kina dubawa. In ke kika riƙe, ranar da aka yi miki canjin wurin aiki zuwa Dutse ko Gumel, littafin ya mutu. Wadda ke rubutu daban, wadda ke ajiye kuɗi daban, ko da ya da ƙanwa ne.

Idan kuɗi ya fara kauri, ki raka su banki. Za a nemi BVN da NIN na masu sa hannu, da takardar rajista; ki sa ya zama sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire kuɗi. Masu ba da tallafi kuwa galibi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, suke tambaya, cike takardun nan ma aikinki ne.

Wadda ba akanta ba kada ta ce ba ta da rabo. Ma'aikaciyar jinya ta koya musu awon dantsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin awo mai launuka: in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a garzaya asibiti. Malamar makaranta ta rubuta musu wasiƙa da bayanin taro.

Mai gabatarwa: Sau nawa za ta riƙa zuwa?

Hajiya: Ta faɗi abin da za ta iya, maigida ya sani. Sau ɗaya a wata ya isa, amma ranar da ta ce, ta zo.