Sharhi: Me ke sa wutar sola ɗaukewa a asibitocin karkara kafin asuba?

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi ƙananan asibitocin da ake ginawa a ƙauyukan Kano da Jigawa, a kafa musu sola, a ce sun rabu da duhu da sayen man janareta. Ranar buɗewa komai garau. Bayan damina biyu kuwa, a wasu wuraren wuta ba ta kai ƙarfe biyun dare, malamar asibiti na karɓar haihuwa da fitilar waya. Nan da nan a ce kayan jabu ne. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa lissafin ne aka yi shi a takarda, ba a yi shi da bazararmu ba.

Adadin da ke rubuce a bayan farantin sola, a ce wat 300, an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu iskar Haɗeja ko Ɗambatta kan haura digiri 40, farantin da ke kan kwano kuma ya kai 65. Kowane digiri ɗaya na ƙari yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, wato kashi 16 sun tafi tun ba a yi maganar ƙurar hunturu ba. Ita ƙura maganinta araha ne: ruwa zalla da tsumma mai laushi, sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi. Sai dai in an kafe farantan can ƙololuwar rufi babu tsani, wa zai hau?

Batir ne inda kuɗi suka fi salwanta. Batir mai ruwa ɗan 200Ah, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, yana ɗaukar yunit 2.4 (yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya), amma rabi kawai ya kamata a zuƙa in ana son ya daɗe. Guda huɗu ke nan yunit 4.8. To, fanka huɗu masu wat 75 za su cinye yunit 3 cikin awa goma, ƙwan fitila goma masu wat 10 su ci yunit 1. Ragowar bai cika yunit ɗaya ba, ga kuma abin da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ke ci. Da zarar an jona hita mai wat 1,500 na rabin awa don dafa ruwan mai jego, shi ke nan, an ƙarar. Kada a ga laifin ma'aikaciya, ruwan zafi dole ne a ɗakin haihuwa. Wanda ya tsara aikin ne bai tanadi risho ko tukunyar gas ba. Sannan a dubi inda ake ajiye batiran: ƙaramin sito mara taga. Ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba tsawon rayuwar irin wannan batir gida biyu. Shi ya sa firjin rigakafi da ke haɗe kai tsaye da faranti, mai tara ƙanƙara a maimakon batir, ya fi riƙe sanyin digiri 2 zuwa 8 da allurai ke buƙata.

Shi kansa ginin yana da nasa alhaki. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta nemi a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a kuma taƙaita tagogi ko a yi musu inuwa. Kwano babu sili yakan sa fanka juyawa dare da rana. Magina soro sun san wannan tun da daɗewa: katanga mai kauri, taga ƙarama. A mayar da tagogi kudu da arewa, a tsawaita bakin rufi, a dasa darbejiya ta yamma, nesa kaɗan don kada inuwarta ta faɗa kan faranti.

Muna kira ga hukumomin lafiya matakin farko na jihohin biyu da su daina karɓar aiki sai an rubuta kuɗin kulawa da na sauya batir a cikin kwangila. Kwamitin ci-gaban mazaɓa kuma ya ajiye littafi: kullum da magariba a rubuta yunit ɗin da allon inbata ya nuna, da lokacin da wuta ta ɗauke daren jiya, a duba ruwan batir duk wata.