Zauren Ilimi: Jarrabawar CAPIEMP da Ajin da Ke Jiran Sabon Malami

Malam Buba: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Garwa. Tare da ni akwai Malama Hadiza da Malam Sani, kuma yau za mu tattauna kan jarrabawar da ake yi wa masu neman zama malaman firamare a Kamaru. Malama, ki fara bayyana mana hanyar da ake bi.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Matakin farko shi ne cin konkur, wato jarrabawar gasa, na shiga ENIEG, makarantar horar da malaman firamare da na rainon yara. A tsarin da aka daɗe ana bi a baya, mai takardar BEPC (ta kammala ƙaramar sakandare) yakan yi shekara 3, mai Probatoire (ta ajin kusa da na ƙarshe a sakandare) shekara 2, mai Baccalauréat (ta kammala sakandare) kuma shekara 1. A ƙarshe sai ɗalibi ya zauna jarrabawar CAPIEMP, wato ta samun takardar shaidar malanta a firamare da rainon yara, inda zai yi rubutu kan halayyar yara da dabarun koyarwa da dokokin makaranta, sannan ya tsaya gaban aji ya koyar da darasi, masu jarrabawa suna zaune a baya riƙe da takardar shirin darasinsa. Masu son koyarwa a sakandare kuwa ENS, babbar makarantar horar da malamai, suke nufa, kamar ta Marwa da aka kafa a 2008, su fito da takardar shaidar DIPES.

Malam Sani: Ni wannan tsayuwa gaban aji ita ce ta fi damuna, Malama, domin ita ce ainihin aikin. Yawanci ana yin ta ne a makarantar cikin gari, wadda yaranta suka saba ganin malamai masu koyon aiki, suna da benci, kuma kunnensu ya riga ya saba da Faransanci. Amma idan aka tura sabon malamin nan wani ƙauye a Mayo-Rey ko Logone-et-Chari, zai tarar da ajin SIL, wato ajin farko na firamare, da yara kan haura ɗari, wasu a zaune kan tabarma, wasu biyu suna raba allo ɗaya da guntun alli. Zai ce su ɗaga hannu, ba wanda zai motsa, saboda Fulatanci ko Hausa ko Larabcin Shuwa suke ji a gida. Ba a taɓa gwada shi a kan wannan ba.

Malam Buba: Gaskiya ne, Malam, sai dai takardar ta ƙasa baki ɗaya ce, kuma harsunan Kamaru sun haura 200. Ba zai yiwu a jarraba kowa a harshen garin da za a tura shi ba.

Malama Hadiza: Ba harshe za a jarraba ba, Malam Buba, dabara za a duba. Shin ya iya koyar da ƙirga da marafen kwalba ko tsakuwa? Ya san ya ɗauko yaron da ya ɗan fahimta ya bayyana wa 'yan uwansa? Yana lura da yarinyar da ke can bayan aji tana maimaita kalma da baki alhali ba ta san ma'anarta ba? Duk waɗannan mai jarrabawa zai iya ganinsu da idonsa ya ba su maki.

Malam Sani: Kuma kada mu manta, da yawa daga cikin masu riƙe da waɗannan azuzuwa malaman da iyaye ke biya ne, wasu da CAPIEMP a hannu suna jiran gwamnati ta ɗauke su aiki shekara da shekaru, wasu kuma ba su taɓa shiga ENIEG ba. Shawarata ita ce a mayar da wani ɓangare na koyon aiki zuwa makarantun karkara, makinsa kuma ya shiga cikin sakamakon ƙarshe.

Malam Buba: To wa zai kai masu jarrabawa can, musamman da damina idan hanyoyi suka yanke?

Malama Hadiza: Ai kowace ƙaramar hukuma tana da sufeton makarantun firamare, kuma ziyartar waɗannan makarantu dama aikinsa ne. A ba shi takardar maki iri ɗaya da ta cikin gari, a kuma tsara gwajin tsakanin Janairu da Maris, lokacin da hanyoyi suke a bushe.